Rumbun Aljihu da Ɗorayin Gwaggo

Fatakwal,
Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifinsa, gwiwa biyu a ƙasa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ba kai za ka karanta ba. Yaya Auwalu za ka miƙa wa ya karanta maka, yana tsallake wuraren da ba su yi masa daɗi ba. To, wannan karon babu mai tsallake mini komai. Zan faɗa duka, ka ji ko kada ka ji.

Bari in fara da labarin gida, kamar yadda yake iso ni ta waya, guntu-guntu. Wata bakwai ke nan da tafiyarka. Damina ta yi albarka a Turawa. An cire gyaɗar gonar tudu, dawa tana tsaye tana jiran girbi. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, ta hana a taɓa buzunka, yana rataye inda ka bar shi. Katangar zaure ta yamma, wadda ka yi shekara uku kana cewa za a gyara, ta faɗi da ruwan Agusta. Ba ta danne kowa ba sai randa. Ni kuma ina nan inda ka san ni, ina tsaron siton albasar wasu, shekara ta goma sha ɗaya. Garin nan bai san kaka ba, Baba. Ku can kuna girbi, mu nan ruwa yake ta zuba kamar an manta da shi a buɗe, har takalmin da ka ajiye kwana biyu sai ya yi funfuna.

Amma ba don katanga na ɗauki biro ba. Maganar ɗorayi ce.

Ɗorayi ukun nan na tsakiyar gonar tudu. Kai ka sani, ni na sani, duk wanda ya haura hamsin a Turawa ya sani: ƙasa tamu ce, itatuwan na ƙanwarka Gwaggo Hauwa ne. Kaka, mahaifinku, shi ne ya ba ta su ranar da za a kai ta gidan miji a Rogo. Ka sha ba mu labarin, wai ya ce mata ba shi da saniyar da zai ba ta, amma ga guda uku da ba sa neman dusa. Tun daga nan duk bazara sai ta zo da gorarta mai ƙugiya, ta kaɗe, ta tara, a ɗora mata a mota zuwa Rogo. Gari ta yi kunu, kalwa ta yi daddawa, ɓawo ta yi makubar shafen daɓe. Tun da mijinta ya rasu, da wannan take ci, da wannan take sutura. Ko ni da nake nan bakin teku, ban taɓa cin miyar da babu daddawarta ba. A gwangwanin madara take aiko mini.

To, Yaya Auwalu ya ce za a sare su. Wai inuwarsu tana cinye masa kunya goma sha, wai motar noma ba ta iya juyawa a wurin, wai zamanin da itace ke da mai shi daban, ƙasa daban, ya wuce tare da masu shi. Masu injin yanka sun zo daga Karaye, sun zagaya su, sun auna kauri da hannu. Gawayi za a yi da su, Baba. Gwaggo ta hau acaɓa tun daga Rogo, da shekarunta, ta zo ta zauna a ɗakin Inna ta ce nata ne. Yaya ya ce ina takarda? Takarda! Kaka da ko sunansa bai taɓa rubutawa da boko ba, shi ne zai bar takarda a kan ɗorawa?

Magana ta kai gaban dagaci. Ya saurari kowa, ya ce a kawo shaida nan da mako uku, ranar Alhamis, in babu, to gona da abin da ke cikinta na magada ne. Waɗanda suka ji bakin Kaka duk sun riga ka tafiya. Aka ce wa Gwaggo ta yi rantsuwa, ta ƙi ƙememe. Wai ba za ta ɗauki Alƙur'ani a kan yaran da ta goya a bayanta ba, in itace ne a sare, Allah yana gani. Ka san ƙanwarka. Kanku ɗaya, dutse.

Sai na tuna da rumbun aljihu.

Ka tuna shi? Ɗan baƙin akwatin nan da bai kai tafin hannu ba, wanda masu kwamfuta ke kira had-dis, ake jona shi da waya a zuba masa hotuna da bidiyo. Ranar da na fara zuwa da shi gida ka juya shi, ka jijjiga shi a kunne, ka ce in da gaske komai yana shiga ciki ya zauna, to rumbu ne, sai dai na aljihu. Sunan ya bi shi.

Kuma ka tuna Babbar Sallar da na zo ta ƙarshe. Kashegarin yanka ka sa farar rigarka, ka ɗauki sanda, ka ce in kunna wayata in bi ka, kana so ka faɗi iyakoki tun bakinka yana naka. Muka bi layin gamba na gabas, muka tsaya a suri, muka kai kututturen kuka. Da muka iso ɗorayi ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana dafa su da tafinka, kana kiran sunan Gwaggo a kan kowace. Ka ce ko an raba gonar kashi goma, wanda suka faɗo a rabonsa amana ya samu, ba dukiya ba. Na ji daɗin wannan magana. Har kai nake gyaɗawa a bayan waya.

Sannan muka gangara fadama.

Nan ne fa, Baba. Mangwarona ashirin da biyar, 'yan aure, da na dasa shekara huɗu kafin wannan rana. A lokacin sun kai ƙirjina. Su ne hanyata ta komawa gida. Duk ranar da warin ruɓaɓɓiyar albasa ya ishe ni, su nake tunawa, in ce saura kaɗan, in sun fara 'ya'ya zan tattara in bar garin nan. Ka tsaya a tsakiyarsu. Ba ka dube ni ba, wayar ka duba. Ka ce fadamar nan ba tamu ba ce, aro ce. Mahaifin Malam Ɗanladi na Unguwar Hajji ne ya ara wa Kaka a wata shekarar wahala, ba a saya ba, ba a bayar kyauta ba, duk ranar da 'ya'yansa suka nema a mayar musu. Ka ƙara da cewa ba a dasa itace a gonar aro, kowa ya san wannan.

Kowa ya san wannan! To kai da ka sani, me ya hana ka faɗa mini tun ranar da na sauke dashen daga mota? Wa ya riƙe mini igiyar awo? Wa ya nuna mini inda ruwa ke kwanciya? Ba kai ba ne? Shekara huɗu kana kallo ina aiko a yi shinge, a yi ban ruwa da rani, ba ka ce uffan ba. Sai ranar da ka ga ido na uku, idon waya, sannan bakinka ya buɗe. Na san amsar da za ka ba ni. Za ka ce ka ga ɗan da ya yi nisa ya sami dalilin waiwayo gida, ba ka so ka kashe masa gwiwa. Na sani. Amma ba ka kyauta ba, Baba. Ban taɓa faɗa maka ba, yau na faɗa.

Ni ma ban kyauta ba. Na juye bidiyon a rumbu ba tare da na ce maka komai ba. Ka ce a bar shi wurin Yaya, a adaka, abin gona a gida yake kwana. Na bari. Da safe na yi maka sallama a tsaye daga bakin zaure, jaka a kafaɗa, ko durƙusawa ban yi ba. Ganinmu na ƙarshe ke nan. Wayar da na ɗauka da ita kuwa ta faɗa kwata a garin nan tun bara, ta mutu da abin da ke cikinta. Sai rumbu ya zama shi kaɗai ya rage mai riƙe da muryarka.

Na kira Yaya na ce a ɗauko shi a kai wa dagaci. Ya yi dariya. Ya ce ai ya riga ya kai an duba a Karaye, babu komai a ciki sai tafsiri, babu gona babu ɗorawa, in ban yarda ba zai aiko mini da kayana in tone da kaina. Ya kuwa aiko. Direban motar albasa ya kawo mini shi naɗe a ledar burodi.

A wayar nan da muka yi kafin ya aiko, na faɗa wa yayana maganar da ba a faɗa wa babba. Na ce shi ya goge. Na ce ya haƙa maka kabari na biyu, ya binne bakinka don gawayi. Ya kashe waya. Kwana goma sha biyu ba mu gaisa ba.

Ga kuma abin da ya fi wannan muni, wanda ban faɗa wa kowa ba sai kai. Da na ji an ce babu komai a ciki, kafin fushi ya zo, wani abu ya riga shi zuwa. Sanyi na ji a raina. Na ce in ɗorayi sun tafi, ai maganar fadama ma ta tafi. Babu wanda ya ji ta sai ni da kai, kai kuwa ka yi shiru na har abada. 'Ya'yan Malam Ɗanladi ba su taɓa tambaya ba, ƙila ma ba su sani ba. Bai fi ƙiftawar ido ba tunanin nan, amma ya zo, kuma nawa ne. Tun daga ranar nake jin kunyar gwangwanin daddawar da ke kan tagata.

Shi ya sa na ce sai na tono ka. Ko da za ka fito ka ƙwace mini fadama a karo na biyu.

Na jona shi a kwamfutar sito. Shiru. Wutarsa ta ƙyafta sau biyu ta mutu. Na cire, na hura ramin, na mayar. Na gwada ramin hagu, na gwada na dama. Shiru. Na ce shi ke nan, jijjigar hanya ta kashe shi. Sai da na kai wayar jonin gaban haske na ga wurin da ɓera ya ci, har jan ƙarfen ya fito. Ɓeran adakarka, Baba, wanda ka ce a ƙyale shi shi ma ɗan gida ne. Na je kasuwa na sayo sabuwar wayar joni. Ina jonawa na ji yana gurnani a ƙarƙashin yatsana, a hankali, kamar mage. Yana da rai.

Na buɗe. Yaya bai yi ƙarya ba. Ga foldar tafsiri, cike, tana buɗewa lafiya lau. Ban da ita sai wasu farare-fararen alamu masu ƙaramar kibiya a gindi, ɗauke da sunayen foldodina na da. Har da wadda na rubuta wa Gonar Turawa. Na danna ta, baƙin allo ya ƙyafta ya ɓace, babu abin da ya buɗe. Suna yana nan, gida babu. Kamar ka je unguwar da ka sani, ka tarar da ƙofa a tsaye, bayanta fili.

Na kai wa wani mai gyara a bakin titi. Ko minti biyar bai yi ba ya ture mini shi. Wai bairos, cutar kwamfuta, ya cinye komai, magani ɗaya ne, a yi masa fomatin, wato a share shi tas ya koma kamar sabo. Na ce abin da ke ciki fa? Ya ce wane abu, ai babu komai. Har ya kai hannu zai danna, na riƙe masa wuyan hannu. Ban san lokacin da na yi ba. Ya ce Malam lafiya? Na ce ba ni kayana.

Abin da ya sa na riƙe shi, wani abu na hango a allonsa da shi bai kula ba. A ƙarƙashin sunan rumbun akwai wani zare da ke nuna yawan abin da ke ciki. Zaren ya cika, ya yi ja, saura ƙiris ya kai ƙarshe. Tafsirin kuwa da aka auna, ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. To ina sauran nauyin? Wa ke zaune a ciki? Kai ka koya mini, Baba. Muna yara in muka leƙa bakin rumbu muka ga duhu muka ce hatsi ya ƙare, sai ka ce ba a tambayar rumbu da ido. Ka ƙwanƙwasa cikinsa da ƙashin yatsa, ka ce mu saurara. Wanda babu komai yana amsawa da ƙara, cikakke kuwa murya ƙasa-ƙasa yake yi. Na ƙwanƙwasa wannan, Baba. Cikakke ne.

Wani abokin aikina ya kwatanta mini shagon wata mata 'yar garin nan, Madam Nkechi, a bene na biyu a kasuwar kwamfuta. Mace ce mai gilashi, ba ta da yawan fara'a. Ba ta taɓa rumbun ba sai da ta yi mini tambayoyi kamar likita. Wa ya jona shi na ƙarshe, a ina, na zuba wani abu a ciki tun da ya zo, na danna alamun nan? Na ce ɗaya na danna. Ta dube ni ta saman gilashi yadda Inna ke duban wanda ya shiga da takalmi. Ta ce kwamfutar siton ma yanzu ta kamu, sai an wanke ta. Ta kafa mini doka: kada a zuba masa ko hoto ɗaya, kada a bar kowa ya yi masa fomatin, kada a sake danna komai.

Ta ce irin wannan bairos ba ya cin kaya, ɓoyewa yake yi. Yakan lulluɓe foldodin gaskiya, ya ajiye na bogi a gaba da sunansu, don duk wanda ya danna ya ɗauke shi ya kai gaba. Ta fara umartar kwamfuta ta nuna abin da aka ɓoye. Babu abin da ya fito. Na ce sun tafi ke nan. Ita ko a jikinta. Ta ce ya yi musu lulluɓi biyu ne, ya sa musu alamar kayan cikin injin da ba a nuna wa kowa. Ta buɗe wani baƙin allo, ta rubuta layi ɗaya tak, ta danna, ta ɗauki kofin shayinta.

Baba, sai ga su suna fitowa. Ɗaya bayan ɗaya, kamar tumaki in an buɗe garke. Hotunan auren Yaya. Takardun makarantata. Bikin sunan 'yata. Can ƙasa, Gonar Turawa. Ban bari ta buɗe ba sai da ta kashe bairos ɗin, ta kwafe komai a wani rumbun dabam da na saya nan take. Sannan ta danna.

Ka fito da farar rigarka. Iska tana kaɗa ta, gamba tana motsi a bayanka, ka ɗaga sanda ka ce bismillahi. Wata bakwai ban yi maka kuka ba, Baba. An kira ni an ce ka cika, kafin in sami mota an kai ka, ban zo ba, na ce aiki. Ba aiki ba ne, ka sani. A shagon baƙuwa, a gaban mutanen da ba sa jin abin da kake faɗa, a nan na yi. Ta tashi ta ba ni wuri, ta je tana gyara abin da bai lalace ba.

Da na natsu ta nuna mini wani abu da ban tambaya ba. Kowane abu a rumbun yana ɗauke da ranar da ya shiga. Alamun bogin nan da foldar tafsiri rana ɗaya suka shiga, sa'a ɗaya. Na lissafa. Ƙarshen Sha'aban ne, kana kwance, wata biyu kafin ka tafi, tun babu wanda ya yi mafarkin sare ɗorawa. Na kira Inna na tambaye ta. Ta ce ai da ka kasa zuwa masallaci, ka yi ta damuwa azumi zai zo ba za ka ji tafsiri ba. Yaya ne ya ɗauki rumbun ran kasuwa ya kai shagon masu tura karatu da waƙoƙi a Karaye, aka zuba, ya jona maka a talabijin. Da shi ka yi azuminka na ƙarshe. A can ya kwaso cutar, bai sani ba.

Ka gani? Ni ina nan ina riƙe da fushi, shi yana can yana juya ka a shimfiɗa. Shi ya nemo maka abin saurare, ni na kira shi mai haƙa kabari. A kan ɗorayi ba shi da gaskiya, kuma ba zan janye ba. A kan gogewa ni ne ba ni da ita. Jiya na kira shi na faɗa masa haka, da bakina, na ce ya yafe mini. Ya ce ya ji. Bai ce ya yafe ba. Haƙƙinsa ne.

Amma ba duka ya dawo ba. Akwai folda ɗaya da na yi ta nema ban gani ba, wadda ko suna ban sa mata ba, don ragwanci. A cikinta akwai bidiyon ranar Sallar nan, kafin mu je gona. Kana zaune a tabarma ana suyar nama, kana ba da labarin yadda jakin Kaka ya kayar da kai a hanyar kasuwar Karaye da buhun gyaɗa, kana dariya har hularka ta faɗi, Inna tana cewa ka bari kada ka ƙware. Wannan ba ɓoye ta aka yi ba. Rumbun a cike yake, mai shagon Karaye ya nemi wuri, ya ga folda marar suna, ya goge. Madam Nkechi ta sa wata manhaja ta yi kwana biyu tana tono. Ta fito da tarkace masu lamba maimakon suna, na zauna na buɗe su ɗaya-ɗaya, ɗari da wani abu. Babu kai. Ta ce abin da aka goge yana nan muddin ba a zuba wani a kansa ba. Na gane. Gonar da aka girbe aka bari, ana ganin tsohuwar kunya. Wadda aka sake huɗa kuwa, sai labari. An huɗe dariyarka an shuka tafsiri a kai.

Wa zan kama? Yaya, da ya so ka ji karatu? Mai shago, da ya ga abu babu suna? Ni ne ban sa suna ba. Ni ne na bar abu guda a wuri guda, kamar wanda ya zuba irin shekara duka a tukunya ɗaya. Amma ka duba rashin kunyar injin nan, Baba. Ya dawo mini da kai kana ƙwace mini fadama, fes, ko tsinke bai ɓata ba. Ya cinye kai kana dariya.

Yanzu ga inda muke. Bidiyon gona biyu ne, don na tsayar da waya lokacin da muke gangarawa. Na farko iyakoki da ɗorayi. Na biyu fadama. Na farkon kaɗai ake buƙata a gaban dagaci. Ba sai na yanke ba, ba sai na goge ba, ba sai na yi ƙarya ba. In tura ɗaya in yi shiru, shi ke nan, Gwaggo ta tsira da itatuwanta, ni na tsira da nawa. Kwana uku ina juya wannan magana. Har na ce ai ba ni na ara ba. Har na ce ai kai ma shiru ka yi shekara huɗu.

A nan na tsaya. Shirun nan ne ya kawo mu inda muke. Kaka ya yi shiru, kai ka yi shiru, ni ma in yi, wata rana 'yata ta gina a kan ƙasar mutane, a zo a tashe ta? Kuma da wane baki zan ce wa Yaya maganar uba ba a tsallake ta, alhali na tsallake rabi? Ni da na buɗe takardar nan da zarginsa da tsallake layi?

Na tura duka biyun. Yau da hantsi. Na tura wa Yaya, na tura wa magatakardan dagaci, na tura wa jikar Gwaggo a Rogo ta kunna mata. Na nemi lambar babban ɗan Malam Ɗanladi na tura masa na biyun, na ce ga abin da mahaifina ya bari, ƙasarku ce, mangwaron kuskurena ne, yadda kuka yanke na karɓa. Ya ce zai tara 'yan'uwansa. Ban roƙe shi komai ba. Na kuma zuba su a memori uku, ɗaya zai bi motar albasa gobe. Ɓera ya ci, bairos ya ɓoye, kwata ta haɗiye, wannan karon sai sun gaji.

Gwaggo ta kira ni bayan azahar. Ba ta yi maganar itace ba ko kaɗan. Wai ka rame a hoton, wa ya bar ka ka fita rana ba lema? Sai kuma ta ce gwangwanin nawa ya kusa ƙarewa ko?

Ban san abin da dagaci zai yanke ranar Alhamis ba. Amma zan kasance a wurin. Na karɓi hutun da ban karɓa don jana'izarka ba. Zan zauna a ƙasa a gefen Gwaggo, a kunna ka, ka dafa ɗorayin nan uku a gaban kowa. Wanda zai kawo inji bayan wannan, sai ya fara tsallake ka, sannan ya tsallake ni. Kai ba ka da sauran abin tsoro, ni kuma abin da nake tsoron rasawa na riga na miƙa shi da hannuna.

Ƙila in dawo garin nan in ƙara wasu shekara goma a cikin warin albasa. Ƙila in tsufa ban ci mangwaro ko ɗaya daga fadamar nan ba. Ban ce na huce ba, Baba, kada ka ɗauka na huce. Amma in na iso, kafin in je gaban dagaci, zan biyo ta inda kake. Akwai durƙuson da na hana ka a bakin zaure. Zan kawo maka shi.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka shirunka, ya yafe mini nawa. Sai na zo.

Ɗanka mai taurin kai, wanda ya gado shi a wurinka,
Sani.